Akwati Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Shekara shida Malam Dabo ya yi yana tuƙa mini mota, kuma a duk tsawon shekarun nan sau uku kacal ya makara. Na san adadin domin ni nake riƙe da jadawalin. Ƙaramin kamfani nake da shi a Beltsville, motoci huɗu, muna ɗaukar jini da sauran samfuran gwaji daga ƙananan asibitoci mu kai ɗakin gwaji kafin su lalace. A wannan aiki minti goma ba wasa ba ne. Makararsa ta farko taya ce ta fashe, ta biyu ƙanƙara ce ta rufe hanya. Ta uku ita ce dalilin wannan rubutu.

Mutumin Azare ne. Mahaifinsa ya yi shekara talatin yana da ɗaki a bakin tashar mota inda matafiya suke barin kayansu. Dokar tsohon guda biyu ce: ba a buɗe ajiya, ba a tambayar abin da ke ciki. Za a yanka fata gida biyu, a rubuta lamba ɗaya a kan kowanne, a ɗaura ɗaya a jikin kaya, a ba mai kaya ɗayan. Ranar da ya dawo da tasa fatar, ya ɗauki kayansa. Dabo ya taso a ƙofar ɗakin nan, ya zo Amurka a 1997 da wannan tarbiyya a jikinsa. Ya yi gadin wurin ajiye motoci, ya tuƙa tasi, sannan ya zo wurina a 2006.

Gidan da yake haya a Takoma Park ta jihar Maryland yana da ɗakin ƙasa, tsawonsa taku goma sha ɗaya, faɗinsa bakwai. Ban san ranar da ya zama ɗakin ajiyar Hausawan yankin nan ba, na dai tarar da shi haka. Ɗalibi zai tafi hutu, ya kawo littattafansa. Likita zai ƙaura zuwa wata jiha, ya kawo akwatuna uku. Ma'aikatan gidan rediyo 'yan Nijar idan za su je gida wata biyu, nan suke barin kayan sanyinsu. Fata ba ta samuwa, sai ya koma yanka kwali. Akwai wata jaka da ta yi wata biyar tana wari har matarsa Rahmatu ta yi rantsuwa daddawa ce ta ruɓe. Dabo ya matsar da jakar kusa da taga, ya toshe ƙasan ƙofa da tawul, bai buɗe ba. Da mai ita ya dawo aka ga daddawar ce kuwa.

Abu ɗaya ne ya sa shi gaba a rayuwa, 'yarsa Mubina. Mahaifiyarta, matarsa ta fari, ta rasu tana ƙarama, kakarta ce ta riƙe ta a Azare. Dabo ya sami girin kat, takardar zaman dindindin, a 2004, daga baya ya shigar da takardun kawo ta, amma layin masu girin kat dogo ne. Lauyarsa ta bayyana masa lissafin, shi kuma ya maimaita mini har na haddace: idan ya zama ɗan ƙasa kafin Mubina ta cika ashirin da ɗaya, za ta fita daga layin, ta zo cikin watanni. Idan ta cika kafin ya yi rantsuwa, za ta faɗa wani layin da ake shekaru a cikinsa. Ranar da za ta cika ita ce biyu ga Maris, 2010. An sa masa intabiyun zama ɗan ƙasa uku ga Disamba, 2009, a Baltimore. Kwana tamanin da tara tsakani. Duk mako yakan tambaye ni saura nawa, kamar shi bai iya ƙirga ba.

Ranar Litinin, goma sha shida ga Nuwamba, ya kai Injiniya Mustafa Ubale da matarsa filin jirgin Dulles, za su tafi aikin hajji. Mustafa mutumin Zariya ne, yana zaune a Springfield ta jihar Virginia, abokin Dabo na shekara goma. A wurin sauke fasinja ya nuna wani baƙin akwati mai kwaɗo a but ɗin mota, ya ce wannan ba mai tafiya ba ne, ajiya ce. Dabo ya ce to. Ya dawo gida, ya sauka da shi ɗakin ƙasa, ya ɗaura masa kwali mai lamba arba'in da ɗaya. Rabin kwalin da yake na Mustafa ya sa a aljihunsa, tunda mai shi yana cikin jirgi.

Laraba, ashirin da biyar ga wata, ƙarfe bakwai da rabi ya kamata ya ɗauki mota. Takwas ta yi bai zo ba. Na kira sau biyu, bai ɗauka ba. Takwas da minti goma sha bakwai ya shigo ofis, bai yi sallama da kowa ba, ya ja ni waje bayan motoci.

Ɗija ce ta kira shi da safe, ƙanwar matar Mustafa, wadda take zaune da yaransu a Springfield. Ta ga babban yaron yana laluben saman kabad ɗin ubansa, hankalinta ya tashi, ta kira don ta tabbatar. Tambayarta ɗaya ce: bindigar nan dai tana wurinka ko, Yaya Dabo? Ashe an fasa gidan maƙwabcinsu bara, Mustafa ya je ya sayi ƙaramar bindiga bisa ƙa'idar Virginia. Da tafiya ta taso, matar ta ce ba za a bar ta a gida da yara ba.

"Kwana tara tana ƙarƙashin gidana, Nasiru," in ji Dabo. "Ni da na ɗauko ta da hannuna daga wata jiha."

Ni mutum ne da ba na son matsala ta kwana. Nan take na zana mafita. Daga gidansa zuwa Springfield mil ashirin da shida ne ta babban titin zagaye, goma sha tara idan aka ratsa cikin Washington. Minti arba'in zuwa, arba'in dawowa. A mayar da akwatin inda ya fito, a kulle a garejin Mustafa, kafin azahar an gama. Kuma ina da hujja. Na tuna a watan Yunin 2008 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai biyar a kan huɗu, cewa mallakar bindiga haƙƙin mutum ne a ƙarƙashin tsarin mulki. Na shiga ofis na buga hukuncin a takarda, shafi ɗari da hamsin da bakwai, na zuba a ambulan. Tunanina shi ne idan ɗan sanda ya tsayar da mu, ga takardar tarayya. A gida ai haka muka sani: abin da Abuja ta ce, Bauchi ba ta da ta cewa.

Muka je gidan. Rahmatu tana tsaye a saman matakala ta riƙe baki. Ni na sauka na ɗauko akwatin, nauyinsa bai kai kilo goma ba, na hau matakala goma sha uku da shi, na ajiye a bakin ƙofar fita. Mota tana taku tara daga nan. Dabo ya ce kafin a fita bari ya gaya wa Barista, lauyar tasa, kada ta ji daga baya. Na ce ɓata lokaci ne, amma ya riga ya danna.

Barista Constance Chuwang 'yar Jos ce, Hausarta ta fi tawa gudu. Ya sa ta a sifika, ya yi bayani cikin jimla huɗu. Ta tambayi inda akwatin yake a wannan daƙiƙar. Ya ce bakin ƙofa. Ta tambaya ciki ko waje. Ya ce ciki.

"Wa ke riƙe da makullin mota?"

Na ce ni ne.

"Nasir, ajiye shi a kan tebur. Ina so in ji ƙararsa."

Na ajiye. Sannan na kawo mata hujjata, da shafi ɗari da hamsin da bakwai. Ta bar ni na gama, ta tambaya ko na karanta ko dai na ƙirga shafukan ne kawai. Daga nan ta warware mana abin a hankali. A gida ɗan sanda ɗaya ne daga Legas zuwa Maiduguri, lasisin bindiga ma na tarayya ne, shi ya sa kanmu yake tafiya haka. A nan kowace jiha da tata dokar. Hukuncin da na buga a kan dokar Washington aka yi shi, Washington kuwa ba jiha ba ce, a hannun tarayya take. Ko wannan kariya ta hau kan Maryland da sauran jihohi, ba a yanke ba tukuna. Kotun ta karɓi wata ƙara daga Chicago a kan wannan tambaya, sai baɗi za a ji. Kuma ko a Washington ɗin, maganar bindiga ce a cikin gidan mai ita, ba a but ɗin abokinsa ba. A Maryland yawo da ƙaramar bindiga a mota laifi ne in ba a wasu 'yan hanyoyi da doka ta lissafa ba, kuma kai ajiya gidan aboki ba ya cikinsu. Gajeriyar hanyata ta cikin Washington ita ce mafi muni. Ga wanda ba ɗan ƙasa ba, laifin bindiga yana iya kaiwa ga kora gaba ɗaya.

Dabo ya ce ai ya riga ya ɗauko ta a mota. Ta ce ranar bai sani ba, wannan abu ne da za ta iya tsayawa a kai. Daga ƙarfe bakwai na safiyar yau ya sani, duk takun da akwatin zai yi daga yanzu da saninsa ne. Na kalli taku taran nan da ke tsakanin ƙofa da mota.

Ya tambaya ko a mayar da shi ƙasa a yi shiru har mai shi ya dawo. Ta ce zaman bindigar a gidan wataƙila ba laifi ba ne, amma ba ta son ta shiga Baltimore da wataƙila. Bai san ko da harsashi a ciki ba, bai san ko takardunta daidai suke ba, kuma ranar uku ga wata zai ɗaga hannu ya rantse, a tambaye shi ko ya taɓa aikata laifin da ba a kama shi ba. Ta san shi, ba zai iya cewa a'a da wannan abu a ƙarƙashin gidansa ba. Hanya biyu ta ba shi. Ko ta rubuta a ɗage intabiyu har Mustafa ya dawo tara ga Disamba ya san yadda zai yi da kayansa, sabuwar rana kuwa tana iya kaiwa wata biyu ko uku. Ko ta rubuta wa 'yan sandan garin su zo har gida su karɓa, su ba da takardar shaida. Idan aka yi haka, Mustafa zai sha wahala kafin ya sake ganinta, in ma ya gan ta.

Wata uku daga uku ga Disamba ya wuce biyu ga Maris. Ba sai na faɗa masa ba.

Ya ce ba zai ba da kayan mutum ba sai da izinin mai su. Barista ta yi ajiyar zuciya, ta ce yana da zuwa safiyar Litinin, domin gobe Alhamis hutun bikin godiya na Amurkawa ne, ofisoshi a rufe. Muka tura akwatin cikin kabad ɗin bakin ƙofa, Rahmatu ta kulle ta sa makullin a ɗankwalinta.

Alhamis ɗin ta zo daidai da ranar Arfa. Wayar Mustafa a kashe. Juma'a aka yi sallar layya, Dabo ya je masallaci ya dawo bai tsaya gaisawa ba, bai ci naman da aka aiko ba. Ni nake riƙe da lissafin kira: Laraba tara, Alhamis goma sha ɗaya, Juma'a takwas. A tsakani na ba shi shawarar da nake jin kunyarta yanzu, cewa akwai kogi, a jefa ta ciki. Ya ce wai tun Laraba ko motar shara ce ta tsaya a layin sai ya leƙa ta taga ko 'yan sanda ne.

Kira na talatin da ɗaya ya shiga, Asabar da hantsi. Ina zaune a falon. Mustafa yana Mina, hayaniya a bayansa, muryarsa a dishe. Bayan an yi masa barka da sauka Arfa, Dabo ya faɗi abin da ke tafe da shi. Mustafa ya yi dariya tukuna. Ya ce lauyoyi da tsorata mutane suke ci. Bindigarsa ce, da takardunta, kuma tsarin mulkin ƙasar gaba ɗaya ya ba shi dama, Kotun Ƙoli ta tabbatar, wace ce Maryland. Maganata ce ta ranar Laraba sak, sai da na sunkuyar da kai. Dabo ya maimaita masa bayanin Barista, ya ambaci Mubina. Mustafa ya ce kwana goma sha ɗaya ne fa, a ɗage intabiyun mana, ai Allah ne mai kawo yarinya.

"Ban yarda a ba 'yan sanda ba, Dabo. Amana na ba ka. Ina wuri mai tsarki nake gaya maka."

"Da ka gaya mini abin da ke ciki."

"Kai da ba ka tambaya?"

Layin ya yanke. Dabo ya ajiye wayar. Rahmatu ta fito daga kicin ta ce masa abu ɗaya, cewa yarinyar nan ma amana ce, kuma tata lambar ta riga arba'in da ɗaya. Ya sauka ɗakin ƙasa, muna jin takunsa yana kai da komo tsakanin akwatunan mutane. Minti ashirin da biyu. Da ya hau ya ce in kira Barista.

Litinin ƙarfe goma na safe 'yan sanda biyu suka zo, mace da namiji, Barista tana tsaye a bakin ƙofa da wasiƙarta. Maƙwabta uku suka fito kan barandarsu. An ce duk mu tsaya inda ake ganin hannayenmu. Namijin ya tambayi Dabo makullin kwaɗon, ya ce ba shi da shi. Ya tambaya me kuma ke ciki, ya ce bai sani ba. Ɗan sandan ya kalli Barista kamar bai yarda ba, ta ce masa al'ada ce, za ta yi bayani. Da aka sa almakashin ƙarfe a kwaɗon, Dabo ya juya fuskarsa bango. Ni na kalla. Riguna biyu, fayil na takardun gida, da ƙaramin akwatin ƙarfe. A cikinsa bindigar, da harsashi goma a jikinta. Macen ta cire su ɗaya bayan ɗaya ta jera a kan tawul. Suka yi tambayoyi na minti talatin da biyar, suka rubuta takarda, suka tafi da akwatin ƙarfen. Ba su tafi da Dabo ba. Ya ɗauko igiya ya ɗaure baƙin akwatin, ya mayar da shi gurbinsa.

A Baltimore ya ci tambayoyin sanin ƙasa shida a jere. Ta huɗun, in ji shi, ita ce ya faɗi iko ɗaya da yake hannun jihohi. Ya ce 'yan sanda. Da aka zo tambayar laifi, ya ba da labarin tun daga filin jirgi, Barista ta miƙa takardun. Jami'ar ta karanta sau biyu, ta fita, ta dawo, ta ce ba za a yanke shawara yau ba, za a aiko da wasiƙa.

Mustafa ya zo goma sha ɗaya ga Disamba. Bai zauna ba, bai sha ruwan da Rahmatu ta kawo ba. Ya kalli yankakken kwaɗon da igiyar. Dabo ya miƙa masa takardar 'yan sanda da hannu biyu.

"Da na sani da ban ba ka ba."

"Da na sani da ban karɓa ba," in ji Dabo.

Ya ɗauki akwatinsa ya fita. Kwalin da aka ɗaura ya tsinke ya faɗi a matakala.

Kwana hamsin da bakwai wasiƙar ta ɗauka. Kullum idan ya gama zagayen safe sai ya bi ta gida ya duba akwatin wasiƙu, mil shida a kan hanyarsa, na gani a mitar mota. Ta zo ashirin da tara ga Janairu: an amince, rantsuwa goma ga Fabrairu. Sai dusar ƙanƙarar shekarar nan ta sauka, ta rufe ofisoshin gwamnati kwanaki a jere, ranar tasa ta faɗa ciki. Barista ta yi ta rubutu da waya tana nuna musu ranar haihuwar yarinyar. Aka sake sa masa ashirin da huɗu ga wata. Ya yi rantsuwa saura kwana shida.

A ƙarshen Yuni Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin Chicago, biyar da huɗu kuma, cewa kariyar ta hau kan jihohi. Mustafa, wanda ya daina gaisawa da Dabo a masallaci, ya turo mini labarin ya ce in nuna wa abokina. Na fara kiran Barista. Ta ce e, yanzu ta hau, amma dokar mota ta Maryland tana nan daram washegari, kuma in sake gwada ɗaukar akwati in ga. Na nuna wa Dabo duk da haka. Ya karanta a tsaye a jikin mota, ya mayar mini da waya, ya ce ko Mustafa ne mai gaskiya, shi ranar ba shi da wata bakwai na jira.

Mubina ta sauka Dulles a Janairun 2011. Ni na tuƙa, ubanta yana gefena.

Ɗakin ƙasa yana nan, amma doka ta canja. Duk wanda ya kawo ajiya sai ya buɗe a gabansa, Mubina ta rubuta abin da ke ciki a bayan kwali. Wasu sun ji haushi. Hajiya Lami, wadda ta shekara takwas tana barin kayanta wurinsa, ta tambaye shi ko yanzu ita ce ɓarauniya, ta zuge jakarta ta koma da ita mota. Ya raka ta har bakin titi yana ba ta haƙuri, bai janye ba. Na ƙirga akwatunan a bazarar da ta wuce, goma sha bakwai ne. Na tambaye shi ko mahaifinsa zai yarda da wannan sabon tsari. Ya ce bai sani ba, tsohon bai taɓa zama a garin da titi ɗaya yake raba doka biyu ba. Sannan ya duba agogo ya ce in matsa, saura minti goma sha biyu ya ɗauki jinin asibitin Gaithersburg.